Akwatin Baba na Zuwa Teku

Shekarun baya, lokacin mahaifina yana raye, na taɓa shafe kusan wata guda ina shirya akwati biyu. Wanda ya san ni ya san dama ba ni da saurin shiri, ko Yamai za ni sai an gaji da kirana daga cikin mota. Amma wannan shirin ya fi kowanne daɗewa, kuma na jima ina son in ba ku labarinsa.

Mahaifina ɗan kasuwa ne irin na da. A Tsibiri aka haife shi, ya shigo Maraɗi da ƙuruciyarsa, ya yi ta bin kamyo, manyan motocin ɗaukar kaya, tsakanin nan da Kwatano, can bakin teku, har gemunsa ya yi fari. Yadi, shinkafa, tsofaffin motoci, babu abin da bai ɗauko ba. Ya san hanyar kamar yunwar cikinsa, amma bai san wani abu wai shi hutu ba. A wurinsa hutu shi ne ranar da 'yan duwan, wato kwastan, suka riƙe kaya, mutum ya zauna gindin mota yana shan shayin dole. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce "uwata".

Bayan ya ajiye tafiye-tafiye ya zauna a gidanmu na unguwar Zariya, sai ido ya fara ba shi matsala. Muka kai shi Yamai, lokotoro, likitan ido, ya duba ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage sai dai a yi ta lallaɓa shi da maganin ɗigawa har inda Allah ya so. Da yake a farmasi nake aiki, gidan aurena a Sabon Gari kuma ba nisa, ɗiga maganin ya zama aikina, safe kafin in wuce aiki, maraice in na taso.

Yayana da ke aiki a Dakar abin ya dame shi ƙwarai. Wata ranar Juma'a ya kira, ina zaune kusa da Baba, ya ce yana son ya yi wa Baba wani abu tun idon na da sauran ƙarfi, ko Umra ko duk inda yake so. Baba ya ce Makka ya je ya sake zuwa, alhamdu lillahi. Sannan ya ce, "In dai da gaske kake, teku nike son gani."

Na ce mashi ai shi ne ya fi kowa ganin teku a gidan nan. Ya ce a'a, shi abin da ya gani a Kwatano ruwa ne ta tsakanin kwantena da katanga, hankalinsa kuma na kan takardun kaya. A nan ya ba mu labarin wani ma'aikacin bato, wato jirgin ruwa, da suka taɓa shan shayi tare a bakin tashar jiragen ruwa, mutumin Kap-Ber, wanda ya gaya mashi ƙasarsu tsibirai ce warwatse a tsakiyar teku. In ka bar ɗaya a bato, ƙasa takan ɓace bayanka tun ta gaba ba ta bayyana ba, sai ruwa da sama kawai. Tun ana goyon yayana Baba ke riƙe da wannan maganar, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yayana bai yi gardama ba. Ya ce mu iske shi Dakar, daga can mu tashi tare, mu bi tsibiran ɗaya bayan ɗaya. Ni aka zaɓa in raka Baba saboda magani, mijina kuma ya amince tun kafin in gama tambaya.

Mahaifiyata kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ta ce mutum na zaune ƙalau a tudu, da shekarunsa, za a ɗauke shi a kai shi tsakiyar ruwa, ruwan da ba sa'an kwando ba. Ta faɗa sau ɗaya a gabansa, ba ta sake ba. Amma fuskarta ta ci gaba da faɗa har tsawon makonni.

Ni kuwa a lokacin ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne tafkin Madarunfa, shi ma daga nesa, ina riƙe da ƙofar mota. Na shiga salula ina kallon yadda Turawa ke shirya kayan zuwa tsibiri. Wata ta ɗaga kayan da za ta sa a bakin ruwa, duka-dukansu ba su kai ɗankwalina ba, na yi salati na kashe. Na ce bari in yi irin nawa shirin. Na jera atamfofi kamar mai zuwa biki, hijabai, takalma har da masu tsini, ban san a kan wane rairayi na yi niyyar taka su ba. Magani kuwa kusan rabin farmasi na kwaso: na amai, na zawo, na zazzaɓi, har da na harbin kunama, kamar kunama ce ke jiranmu a tsakiyar teku. Na zaga kasuwa ina neman rigar nan da ke hana mutum nutsewa, babu wanda ya san inda ake sayar da ita. Wani mai faci ya ce in sayi tib ɗin tayar mota, ya hura mani kyauta. Abin kunya, sai da na tsaya na yi tunani kafin in ce a'a.

Abu ɗaya na saya da nake alfahari da shi, madubin hangen nesa, irin mai ido biyu. Na same shi a shagon masu kayan Dubai, na ɓoye a ƙasan akwatina, na ce sai mun hau bato zan miƙa wa Baba.

Shi Baba cewa ya yi shirinsa bai wuce na kullum ba: riga biyu, buta, darduma da 'yar butar shayi. Da haka ya yi duk tafiyoyin duniyarsa. Da ƙyar na shawo kansa tela ya ɗinka mashi kaftanai marasa nauyi. Da na ambaci gajeren wando, don na ga tsofaffin Turawa na sawa, ya ce in ya sa wannan to a tabbata ba idonsa kaɗai ya lalace ba.

Tafiya irin wannan ba a yin ta sai an yi sallama da dangi. Muka fara da Tsibiri, wurin wansa, Baffana, wanda bai taɓa barin noman gero ba. Da ya ji inda za mu, ya yi dariya har da tari. Ya ce shi shekara da shekaru yana zaune a Tsibiri bai taɓa biyan kuɗin jirgi ba, ƙanensa kuma da aka haifa a ɗakin can ya rasa tsibirin da zai je sai na Nasara. Duk da haka ya sa aka daka mana garin fura, ya ciro malafarsa sabuwa daga jikin bango ya ɗora wa Baba a ka, ya ce ranar bakin ruwa ba ta da mutunci. Suka daɗe riƙe da hannun juna a ƙofar gida.

Washegari muka je Jiratawa wurin Goggona, ƙanwarsu, mai lambun zogale. Ta ɗaure mana busasshen zogale, ƙuli-ƙuli da yaji, ta kawo wani ɗan tulun ƙasa ta ce ɗan'uwanta ba ya shan ruwan firiji, a zuba mashi a nan. Na so in yi mata bayanin jirgin sama, na ga ba amfani, na karɓa. Ta ja mu zuwa lambu. Baba ya tsaya ya yi ta yabon yadda zogalen ya yi kore shar, ya ce bai taɓa ganinsa haka ba. Na lura fuskarsa ta ɗan karkata daga inda shukar take, amma na ɗauka rana yake kaucewa.

Da aka haɗa kaya, akwatunan suka ƙi rufuwa sai na hau kansu na zauna. Yayana ya riga ya gargaɗe ni cewa jirgi na da iyakar nauyin da yake karɓa, don haka na sa aka kai su wurin wani tsohon abokin Baba mai sikelin auna wake a Sabon Gari. Ya ɗora, ya dubi sikeli, ya dube ni, ya tambaya ko ƙaura za mu yi. Na koma gida na rage. Washegari na iske nauyin ya dawo, ashe mahaifiyata ce ke bi a bayana tana cusa kilishi da dakuwa tsakanin riguna. Ba ta son tafiyar, amma ba za ta yarda mijinta ya ci abin da ba ta sani ba. Muka yi ta wannan wasan, ina cirewa tana mayarwa, babu wadda ta yi wa ɗaya magana a kai.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, bayan la'asar, na shiga turakar Baba da sababbin kaftanansa don ya zaɓi wanda zai sa a hanya. Na shimfiɗa su a kan darduma gabansa, shuɗi, fari da ruwan toka. Na ce wanne. Bai nuna ba. Ya kai hannu ya laluba wuyan na farko, ya shafa aikin zaren, ya koma na biyu, sannan ya ce shuɗin nan ya yi. Ruwan tokan ne a hannunsa.

Na ce a raina ko hasken ɗakin ne. Na ciro baƙin tabarau da na saya mashi saboda hasken ruwa, na miƙa ba tare da na yi magana ba. Hannuna na nan a miƙe, dab da fuskarsa, shi kuma yana ta ba ni labarin telan da yadda ya tsufa. Sai da na ce, "Baba, ga tabarau," sannan ya miƙo hannu, ya kama iska gefen hannuna.

Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce na hagu tun kafin Babbar Salla ya rufe. Na dama yana gani da shi kamar ta kafar allura, yanzu kafar ma hayaƙi ya cika ta. Yana rarrabe rana da inuwa, yana ganin giccin mutum in ya zo ta gaba. Shi ke nan. Ni da ke buɗe idon nan da yatsuna safe da maraice ina ɗiga magani, ban sani ba. Ya san gidansa, ya san muryar kowa, ya san takun kowa, ya yi ta cin kasuwarsa a kanmu kamar yadda ya saba.

Na fara kuka, na ce to mene ne amfanin tafiyar, gara a fasa, a nemi wani lokotoro. Ya bar ni sai da na yi mai isata, sannan ya ce, "Uwata, ke kika fi kowa sanin abin da ya tahi ba shi dawowa. In kin gaya ma yayanki, asibiti za shi kai ni, in ƙare kwanakin kwance ana haska mani fitila. Ni kuwa ban ce maku hoto za ni ɗauka ba. Teku tana da ƙara, tana da iska, tana da wari. Ki ci gaba da shirinki."

Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, musamman mahaifiyata. Na ce yayana zan iya jinkirta mashi, amma Inna ba zan iya haɗa ido da ita da wannan a cikina ba. Ya ce in ɗiga mashi maganin, lokaci ya yi.

Da safe na iske mahaifiyata a tsakar gida tana dama fura. Na zauna kusa da ita ina ta kewaye-kewaye, na fara da tsadar nono, na bi ta kan zafin gari, har na iso. Ba ta daina juya ludayi ba. Da na gama ta ce, "Sai yanzu kika gani?"

Ashe ta riga kowa sani. Ita ce ta hana a matsar da ko kujera ɗaya a gidan. Ita ke ajiye mashi buta da takalmi a wuri ɗaya kullum, ita ke yin gyaran murya in za ta shiga ɗaki don ya san ta ina take. Ta bar shi yana zaton ya ɓoye mata, don ta ce namiji irinsa in ka ƙwace mashi wannan, ba ka bar mashi komai ba. Ƙin tafiyar da take yi ma ba don komai ba ne sai tsoron kada ƙafarsa ta zame a bakin bato, a ƙasar da babu wanda ya san ko shi wane ne.

Na tambaye ta ko a fasa. Ta ajiye ludayin. Sannan ta ce tun aurensu take shirya mashi kaya yana tafiya neman abin da za mu ci, bai taɓa cewa ga inda ransa ke so ba sai wannan karon. "Ki kai shi," in ji ta. "Amma kar ki kama mashi hannu gaban mutane, ba shi so. Ki riƙe bakin hannun rigarshi, kamar ke ce ke jin tsoro."

Na ce mata wannan ba sai na yi ƙarya ba.

Ranar nan muka zazzage akwatunan biyu a tsakar ɗakinta, muka sake shiri daga farko, wannan karon tare. Takalmana masu tsini suka koma gida, atamfofin biki suka bi su, tulun Goggo ya samu wuri a kan randa. Mahaifiyata ta ɗauko allura, ta yi wa kowane kaftani ƙullin zare daban a cikin wuya, don ya san launinsa da yatsa ba sai ya tambayi kowa ba. Ta naɗe kowace riga da wandonta da hularta wuri ɗaya. Ta nuna mani yadda zan jera mashi kaya a kowane masauki: buta a dama da ƙofa, takalmi a gindin gado, carbi ƙarƙashin matashi, kamar yadda suke a gida. Muka je kasuwa muka sayo mashi takalmin roba mai kama ƙasa. Rabon da in zauna da mahaifiyata haka muna aiki ɗaya muna hira tun kafin aurena. A nan ta ba ni labarin tafiyarsa ta farko bayan bikinsu, yadda ta cika mashi jaka da tuwo don ba ta san nisan Kwatano ba.

Madubin hangen nesan na ciro shi zan mayar wa mai shago. Baba ya ji ƙarar ledarsa ya tambaya, na faɗa mashi gaskiya. Ya karɓa ya jujjuya shi a hannu, ya kara a ido, ya yi dariya, ya ce in mayar cikin akwati, ai akwai mai ido a tafiyar.

Yayana na kira shi ana gobe za mu tashi. Ya yi kuka a waya kamar ƙaramin yaro, ya ce asibiti, kamar yadda Baba ya faɗa. Suka yi ciniki irin na ɗan kasuwa da ɗansa, aka tsaya a kan teku tukuna, lokotoro a dawowa.

Ranar tafiya mahaifiyata ba ta raka mu tasha ba. A zaure ta tsaya, ta gyara mashi wuyan riga wanda ba abin da ya same shi, ta ce Allah shi kiyaye hanya. Ya ce amin, ya ce ta kula da gida, maganar da ya saba faɗa mata tun suna matasa. Muka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, daga can jirgi zuwa Dakar, daga Dakar mu uku zuwa tsibiri na farko.

Ba zan cika ku da labarin yawon ba, don rabinsa a sunkuye na yi shi. Ranar da muka fara hawa bato, ko tashar ba mu gama fita ba cikina ya juya. Duk maganin aman da na kwaso bai hana ni komai ba. Yayana mai zaman bakin teku shi ma ya bi sahuna. Tsohon da muka zo kula da shi kuwa yana zaune daram a benci, malafar Baffa ɗaure da igiya a haɓarsa, iska na kaɗa mashi riga, yana tambaya ko mun ji sauƙi.

Da na ɗan farfaɗo na dawo kusa da shi, na kama bakin hannun rigarsa. Ya tambaye ni ko ƙasa ta ɓace. Na ce da saura, ta yi siriri kamar zanen kwalli. Can an jima ya sake tambaya. Na duba baya, na duba gaba, na sa madubin na sake dubawa, na ce, "Ta ɓace, Baba." Leɓɓansa suka riƙa motsi a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba.

Sannan ya ce, "Mi kike gani?"

Na ce ruwa.

"Haba uwata. Ruwa ai ko a randa akwai shi."

Dole na sake dubawa. Na ce mashi can nesa kamar shuɗiyar shadda ce da aka fito da ita daga wurin mabuga, tana ƙyalli inda rana ta taɓa. Kusa da bato kuma ya yi duhu kamar ruwan baba a karofi, kumfar da ke bin mu fara fat kamar audugar da aka gama shiɓa. Ya gyaɗa kai, ya ce yanzu na yi magana. Ya tambayi wace irin shadda, mai tsada ko ta talaka. Na ce mai tsada.

Daga ranar aikina ya ƙaru. Duk inda muka sauka, bayan na jera buta da takalmi yadda Inna ta koya mani, sai ya zauna ya ce in faɗa mashi. Ba ya karɓar "da kyau", ba ya karɓar "babba". Sai na nemo abin da ya sani na auna mashi da shi. A tsibirin da ke da dutse mai aman wuta, na ce mashi rairayin bakin ruwan baƙi ne kamar garin gawayi, bai yarda ba sai da yayana ya rantse. Ya cire takalmin roban, ya taka, ya duƙa ya ɗebo yana murzawa tsakanin yatsu kamar mai duba shinkafa kafin ya saya. Igiyar ruwa ta zo ta jiƙa mashi wando har gwiwa, ni na yi ihu, shi ya yi dariya. A wani ƙaramin tsibirin, mai gidaje a kan tudu da furanni a kowace katanga, kalmomi suka ƙare mani, na ce Baba wannan launin ba mu da shi a Maraɗi. Ya ce to in ƙirƙiro. A kasuwar babban birninsu kuwa ya ji muryar 'yan kasuwar Senegal, ya ja ni wurinsu, ya yi ta taya kayan da ba shi da niyyar saye, don kawai ya ji yadda ake ciniki a tsakiyar teku. Da maraice mu jiƙa garin furar Tsibiri, mu ci kilishin da na yi ta cirewa Inna na mayarwa. Shi ya cece mu, don ban da kifi ba mu yarda da naman kowa ba.

A dawowa lokotoron Dakar ya faɗi abin da na Yamai ya faɗa. Kafin shekara ta zagayo ɗan hasken da ya rage ma ya tafi. Baba ya rayu shekaru bayan haka, a zaurensa, mutane na zuwa gaishe shi. Duk wanda ya zauna sai ya sha labarin tsibirai. Nakan tsaya daga ciki in saurara, in ji yana ba su maganganuna, shaddar, kwallin, garin gawayin, da murya irin ta wanda ya gani da idonsa. Yakan ƙara nasa ma. Akwai wani tsuntsu fari da ya ce ya bi batonmu tun daga tsibiri har tsibiri, ni dai ban gan shi ba, amma ban taɓa ƙaryata shi ba. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, a ɗakinsa, mahaifiyata na gefensa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mutane kan tambaye ni ko ina son in koma can. Nakan ce e don a wuce wurin, amma gaskiya ba tsibiran nake kewa ba. Ina kewar la'asar ɗin nan a ɗakin Inna, kaya barbaje a ƙasa, tana lasar zare tana neman kafar allura, Baba daga turaka yana tambaya ko har yanzu ba mu gama ba. Ina kewar lokacin da gidanmu ke da tafiya a gaba. Kafin wannan tafiyar ina zaton na san mahaifina, ashe na san mai biyan kuɗin lakwal, wato makaranta, ne kawai, mai dawowa da tsaraba. Mutumin da ya riƙe maganar wani baƙo a ransa tsawon rayuwa, sai a ƙarshe na gamu da shi, kuma ban ƙoshi da shi ba.

Abin da ya bar mani shi ne ban iya kallon abu in wuce ba. Daminar bara Gulbi ya kawo ruwa sosai, na biyo ta kan gada a bayan babur ɗin kabu-kabu da hantsi, na ce ya ɗan tsaya. Ruwan ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, ja, mai kauri, yana tafe da rassan itace da karan dawa. Ina tsaye ina neman abin da zan auna shi da shi, sai na ji bakina ya riga ni: "Kamar kunun da aka dama da jar dawa ne, Baba, amma yana gudu."

Mai kabu-kabun ya waiwayo ya ce, "Hajiya, da ni kike?"

Na ce a'a, mu tahi.